Rijiyar Tsakar Gidanmu

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifinku, tsohon duba-gari, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau. Ƙafafu ne suka gaza, kai bai gaza ba, don haka kada wani ya ce ruɗin ciwo ne.

1. Gida naku ne ku uku, ku raba shi bisa ƙa'ida. Ba shi ne damuwata ba.

2. Rijiyar tsakar gida a cike ta da ƙasa kafin a taɓa rabon komai. Babba, da kai nake, don na san kai ne za ka tada jijiyar wuya.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina bin gidaje. Dokar aikinmu ita ce taku talatin tsakanin rijiya da masai. In bai kai ba, sai in shafa jan fenti a bakin rijiyar, a rufe ta. Na rufe ta attajiri yana zare mini ido, na rufe ta tsohuwa tana kuka, ban taɓa karɓar ko lemo ba. Amma da mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta gaji da layin famfo, sai na sa aka haƙa mata wannan. Ranar awo na rage takuna, ina tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, har lissafi ya cika. Takun gaskiya goma sha takwas ne. Kunyar wannan ba ta taɓa sakina ba.

3. Rigimarka da maƙwabcinmu kafinta ta ƙare daga yau, Babba. Sau biyu taifot ya kwantar da 'yarka, jikata mai wushirya, ka je ka zazzage wa bawan Allah rashin mutunci a kan masai ɗinsa. Ina zaune ina jinku, na ɓoye gaskiyar. Masai ɗin nan ya girmi rijiyarmu da shekara huɗu. Ka je ka ba shi haƙuri, ka ce ni na aiko ka.

4. Babur ɗina a sayar a jawo famfo. Auta, aikinka ne, kullum kana gyara na mutane, gidanku babu. Kafin ruwa ya iso, duk abin da yara za su sha a tafasa shi, ko da matanku za su yi ƙorafin gawayi.

5. Babba, tef ɗin awona na ƙanwarka malamar asibiti ne. Ita kaɗai ce a cikinku ba ta jin nauyin faɗa wa mutum gaskiya. Katin rigakafin kowane jika ya bi ta hannunta. Ma'aikacin lafiya kuma in ya yi sallama, ku buɗe masa har ban-ɗaki, ba maƙiyinku ba ne.

Ba na tsoron tafiya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne yarinyar nan ta kwanta karo na uku saboda takuna. Da safiyar yau na sa aka tallafe ni zuwa bakin rijiyar, na shafa mata jan fentin da hannuna. Rijiyar da na shafa wa fenti ba a taɓa barinta a buɗe ba, kada ku fara da tawa.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku lafiya da zuri'arku. Ku riƙe juna, ku riƙa taruwa kuna ci tare a tsakar gidan nan. In an cike ramin, wuri zai ishe ku.