Man da Na Zuba a Fijonka

Zuwa ga aminina Malam Inuwa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, ni ma ai ba karatun na iya ba. Yakubu mutumin Jos, wanda ya karɓi garejinka na Sharada, shi ke riƙe da biro ina faɗa masa.

Gida lafiya. Matarka Hajiya Asabe ta fita takaba, ƙafar tata dai sai a hankali. Masaƙar da muka tsufa muna kwasar ma'aikatanta an rufe, ciyawa ta cinye ƙofar. Fijonka tana wajena.

Inuwa, motar nan ƙwanƙwasa take yi. Yakubu ya ce man yanzu ne, wai oktan ɗinsa ya yi ƙasa, yana kamawa da wuta tun lokaci bai yi ba, wani kuma an gauraya shi da sinadarin rake mai jawo ruwa. Mun juye tanki, mun wanke kafireta, mun zuba mai kyau. Ba ta daina ba. Jiya da azahar, makulli yana aljihuna, kwana biyu ban tayar da ita ba, ta buga sau uku ta yi shiru, daidai yadda kake buga sifanar kwance noti a benci in mutum yana maka ƙarya. Yakubu ya ce ƙarfe ne ke hucewa. Ƙarfen da bai yi zafi ba, me zai huce? Yana girgiza kai yanzu, na ce ya rubuta kawai.

Kai ka koya mini: a ɗiga mai a tafin hannu, a shinshina, in bai bushe nan take ba kada a zuba. Alhamis ɗin da ka aike ni gidan mai, layi ya yi tsawo, na saya wajen ɗan bumburutu a Na'ibawa. Na ɗiga. Ya bar danshi, yana warin ruɓaɓɓen rake. Na sani, na zuba. Ranar Asabar ƙirjinka ya riƙe, muka kwantar da kai a baya za mu asibiti, motar ta mutu mana a hanyar Challawa, tsakiyar kamfanonin fata. Kafin mu sami wata mota rana ta karkata. Tun kafin motar ta mutu ka saurari injin, sannan ka kalle ni ta madubi. Ka gane tun a lokacin, ko ba haka ba?

Na gaya wa Hajiya filogin motar ne ya lalace. Har yau tana aiko mini da tuwo, tana sa mini albarka. Yaya zan ci gaba da ci? Na san kwana ne ya ƙare, amma ƙaryar tawa ce.

Gobe in an sauko daga masallacin Juma'a zan tafi gidanka na Dorayi a ƙasa, in zauna daga bakin zaure in faɗa mata. In ta kore ni, ta yi daidai.

Allah Ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, in har ana yafewa daga can.

Naka,
Audu direba