Jan Ƙyalle a Busasshen Icce

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya aiki, ya gajiyar daji? Ina fatan ciwon bayan nan ya lafa. Mama na gaishe ka.

Yaya, na tafka kuskure, kuma kai kaɗai za ka iya gyara shi. Ka san shekara uku ina neman sheƙar tirogon, tsuntsun nan mai koren baya da jan ƙirji, wanda kake tsokanata wai shi na aura. Da ya ji motsi sai ya juya wa mutum baya, ya yi tsit, ya saje da ganye. Ofishinmu na kare daji sun ce in na kawo hoton 'ya'yansa a sheƙa, za a hana saran itatuwa a gefen rafi. To, ran Talata na samu! Kogon wani busasshen icce, 'ya'ya biyu, ko gashi ba su gama ba.

Ruwa ya hana ni ɗaukar hoto. Don kada wurin ya ɓace mini, na yagi jan gyalena na ɗaura a iccen. A hanyar dawowa na zame, ƙafa ta karye. Sai da na kwanta a gadon asibiti na tuna: a wurinku masu zarto, jan ƙyalle na nufin a sare. Ni da na tashi a gidan masu zarto! Wallahi ko abinci na kasa ci.

Don girman Allah ka je da ƙafarka ka kwance shi kafin mutanenka su isa. Wayarka ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar katako takardar nan.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, an gode Allah.

Amsarka ta iso, har da ƙyallen da ka naɗo a ciki. Ban ga laifinka ba, motar ce ta kafe a laka kwana biyu, kafin takardata ta same ka an riga an sare iccen. Ofis kuwa sun ce kututture ba shaida ba ne, sara zai ci gaba.

Ka ce namijin tsuntsun yana dawowa kullum da tsutsa a baki, ya zauna kusa da kututturen, kuma ko ka matso ba ya juya maka baya. Da ma ba ka faɗa mini ba, Yaya. Shekara uku ina addu'ar ya juyo in ga jan ƙirjin nan sosai. Yanzu ko na warke, da wane ido zan dube shi?

Ka huta lafiya.

Taka,
Auta