Fitilar da Kuka Kafa Mini a Ƙofar Gida

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Layinmu, Gesse, Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an shiga kaka lafiya, na rubuto ne game da fitilar sola da kwamitinka ya kafa a ƙofar gidana. Sau biyu ina zuwa gidanka ana ce mini kana Argungu wajen yankan shinkafa, shi ya sa na rubuto a buɗe.

Na farko, na gode. Na san al'adar layin nan ce in fitila ta samu a fara da ƙofar dattawa, kuma mai kafawar ya gaya mini kai da bakinka ka ce a zaɓa mini wadda ta fi haske, tunda na koyar da rabin 'ya'yan unguwa. Sai dai ba a tambaye ni ba.

Na biyu, ga abin da nake yi a saman ɗakina, wanda wasu suka ɗauka duban wata ne. Bayan na yi ritaya daga koyar da kimiyya, tsohuwar ɗalibata Rahila, mai binciken taurari a ƙasar waje, ta aiko mini da madubin hangen nesa mai kyamara. Akwai taurarin da in makamashinsu ya ƙare suke tsukewa su yi fari, girmansu kamar na duniyarmu, nauyinsu kuwa ya kusa na rana. In irin wannan ya yi ta jan kaya daga maƙwabcinsa har ya wuce kima, sai ya fashe. Yawanci hasken fashewarsu kusan ɗaya ne, don haka masana suka mai da su mudun auna nisa. Amma jefi-jefi akan sami wanda haskensa ya zarce mudun, kuma har yau ana gardama: biyu ne suka haɗe, ko ɗaya ne ya tara nauyin da ya fi ƙarfinsa? Amsar tana cikin yadda haskensa ke raguwa, dare bayan dare.

Na uku, irin wannan mai zarce mudun ne ya fashe a ƙarshen damina. Mako biyu ina auna shi ina aika wa Rahila, har ranar Asabar ɗin da aka kunna fitilarku. Tun daga nan hotunana fari fat suke fitowa. Dare tara ke nan babu awo, kuma daren da ya wuce ba a ramawa. Rahila ba ta yi ƙorafi ba, kullum sai ta tambayi lafiyata kawai, wannan kuwa ya fi mini ciwo.

Na rufe fitilar da buhu, maigadin layinmu ya cire, wai kada a ce an wulaƙanta kyautar kwamiti. Na sami sakatarenka, ya ce cire fitila daga ƙofar dattijo abin kunya ne, mutane za su ce mun yi faɗa, in jira taron ƙarshen wata. Na ce masa ni ne dattijon, kuma na yafe kunyar. Dariya ya yi.

Buƙatata ba ta da yawa. A mai da fitilar bakin famfo, inda mata ke ɗiban ruwa da asuba cikin duhu. In hakan ya gagara, akwai mai walda a Gwadangaji da ya ce zai yi mata hular langa-langa ta mai da hasken ƙasa, aikin awa ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a shinkafa, ya saka maka da alheri kan niyyarka. A lissafina, saura kamar kwana goma tauraron ya dushe har ya fi ƙarfin madubina. In an kai taron ƙarshen wata ba a yi komai ba, to a cire maganata daga jerin abin da za a tattauna, a bar fitilar inda take. Tauraron nan ba zai sake fashewa ba.

Wassalam.

Naka,
Malam Usmanu Gulma, tsohon malamin kimiyya.