Na Ce Wa Inna Sanyi Ne

Salamu alaikum masu karatu. Edita don girman Allah ka sakaya sunana, ka ce wani tela ne daga Jos kawai, unguwarmu Ali Kazaure kowa ya san na kowa. Don Allah ku ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina, kuma ba wanda ya jawo mini sai bakina.

Matata ta haihu, namiji, haihuwarta ta biyu ke nan. Ta fari a gidansu ta yi wanka can Zariya, wannan karon sai mahaifiyata Inna ta hau jirgin ƙasa ta zo don ta yi mata wankan jego da hannunta. Kun san itacen wanka a wuyan miji yake, kun kuma san Jos, haƙar kuza ta cinye daji, itace sai wanda matan kan dutse suka ɗauko daga nesa. To ni fa na ce ba za a ji kunyata ba. Na jibge itace a ƙofar gida, na samo rabin ganga wajen wani leburan kuza don dafa ruwa, na sa magini ya yi mata gadon ƙasa mai murhu a ƙarƙashi, ga kanwa ƙwarya guda, ga ƙauri daga mahauta. Ina kan keken ɗinki mutane na wucewa suna cewa kai tela, duk wannan itacen na mace ɗaya ne, ni kuwa kaina sai kumbura yake. Wallahi har daɗi nake ji in na ga tururi na tashi daga bayan gida safe da yamma.

Bayan suna da 'yan kwanaki ƙafafun matata suka fara kumbura, zoben hannunta ya ƙi fita, in ta ɗauko buta daga tsakar gida sai ta tsaya tana haki. Ta ce mini Malam ƙirjina nauyi yake yi mini in na hau gadon nan. Ni kuma uban sani na ce raki ne, na ce ba ki ga matan da ke wankin kuza cikin ruwan sanyi da goyo a baya ba, ke ga wuta ga nama kina ƙorafi. Tun daga nan ba ta ƙara gaya mini ciwonta ba.

Akwai maƙwabciyarmu Iya Bose, Bayarabiya ce, nas ce a asibiti. Ta shigo duba jariri, sai ta danna ƙafar matata da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa kamar an danna tuwo. Ta biyo ni har shago ta ce oga tela, matarka ba shi da lafiya, wannan ba ƙiba ba ne, ruwa ne, kai shi asibiti. Na ce wa Inna awon jariri za mu je. Likitan, wani Bature, ya sa abin aune-aunensa a ƙirjinta ya daɗe yana saurare, Iya Bose na yi mana tafinta. Ya ce zuciyarta ta gaji, kanwa na tara mata ruwa a jiki, zafin wanka da na gado na ƙara mata wahala. Ya ce a daina kunun kanwa, a rage gishiri, a kashe wutar gado, ruwan ɗumi ya isa, in ba haka ba kada mu ce bai gaya mana ba.

To a nan na yi ta'asar. Ina da ƙanwa da ta rasu bayan haihuwa shekarun baya, itacen mijinta ya ƙare aka katse wankan kafin arba'in, har yau Inna ba ta gaisawa da mutumin, cewa take rowarsa ce ta bar sanyi ya shiga 'yarta. Da muka dawo daga asibiti muka tarar da Inna a zaure tana jira, ta ce me Nasaran ya ce. Na dubi fuskarta sai na ji kaina ina cewa ya ce sanyi ne. Ta ce ban faɗa ba, wannan gari naku mai sanyin tsiya. Ranar ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu. Matata na tsaye a bayana ta ji komai, ta sunkuyar da kai ta wuce ɗaki, ba ta ƙaryata ni a gaban uwata ba.

Yanzu ba ta iya kwanciya, a zaune take barci ta jingina da bango. Ƙwayoyin da aka ba ta a ɓoye take sha, kunun kuwa ba dama ta zubar, Inna na tsaye a kanta da ludayi sai ta shanye. Iya Bose ta wanke ni tas a gaban masu ɗinki, ta ce ni mijin itace ne ba mijin mace ba, yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa, kuma ban ga laifinta ba. Na gwada zagaye-zagaye na ce wa Inna ko a ɗan sassauta wutar, sai ta fashe da kuka, ta ce ta binne ɗaya ba za ta binne ta biyu ba, in na kashe wutar nan kafin arba'in za ta koma Zariya kuma ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Wallahi ba mugunta ba ce, tsohuwar nan tun asuba take duƙe a gaban ganga, hayaƙi ya sa idonta ya yi jajir, son yarinyar take kamar ita ta haife ta.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne jiya da na shiga da rana, matata ta riƙe bakin rigata ta ce Malam kada ka saɓa wa Inna saboda ni, in kwana ya ƙare ya ƙare, ka dai kula da yaran. Magana biyu sai ta tsaya ta ja numfashi. Na fita na zauna a kan keke na kasa taka shi, kunyar kaina ta ishe ni.

Jama'a yaya zan yi? In durƙusa gaban Inna in ce ƙarya na yi mata, wutar da take hurawa da hannunta ita ce ke cin yarinyar? Anya tsohuwa za ta iya ɗaukar wannan? Ko in ɗauki matata in kai ta asibiti a kwantar da ita, Inna ta yi fushinta daga baya in nemi gafara? Ko kuwa in yi shiru in daina sayen itace, in zama irin mijin ƙanwata a idonta har ta mutu? Arba'in da saura sosai, itacen da ya rage ba zai wuce gobe ba, kuma matar da ke kawo mini ta riga ta aiko tana tambaya dami nawa za ta sauke. Don Allah me zan ce mata?