Inna Ta Daina Shan Magani Don In Zo

Hajiya Laure, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Direba ne ni a Gumel, ina ɗaukar dabbobi daga kasuwar Maigatari zuwa Kudu. Mahaifiyata tana Ɗanzomo, ta haura saba'in, tana da hawan jini. Ba zan ɓoye miki ba, sai in yi wata uku ban leƙa ta ba, sai dai waya. Amma da ƙanwata Rumaisa ta ce Inna ta kwanta, nan take nake ajiye mota, in sayi balangu da lemo, in yi kwana uku a bakin gadonta muna hira.

Bana sau biyar tana kwanciya. Makon jiya Rumaisa na shara ta tarar da ƙwayoyin maganinta na wata biyu a cikin tsohuwar ƙwarya, ko ɗaya ba ta sha ba. Likita ya ce in aka ci gaba haka ɓarin jikinta zai iya shanyewa. Na yi wa Inna faɗa. In na je, na ƙara mata ƙarfin gwiwar barin maganin. In na ƙi, wace irin fuska zan kai gaban Allah? Gaba kura, baya sayaki. Ina ji a jikina zan rasa ta, kuma da hannuna.

Ɗan da ya rasa mafita, Gumel

Ɗana, Inna ba ta kyauta wa jikinta ba, amma kai ka koya mata wannan karatun. Lafiya ta kawo mata waya, ciwo ya kawo mata ɗa da balangu. Ko kaza inda ake watsa mata tsaba take komawa.

Juya lamarin. Ware tsayayyar rana guda, ko Juma'a bayan an ci kasuwa, ka je tana ƙalau, da tsarabar da hirar duka, ta sha maganin a gabanka. In ta kwanta, ka je, wajibi ne, amma asibiti kawai, ba shagali. Da fari za ta iya ƙara kwanciya don ta gwada ka, kada ka karaya.

Ba zan yi maka alkawarin za ta sauya ba, shekaru sun ja. Amma ko me Allah ya hukunta, kada ya zamana sai da ciwo take ganin fuskarka. Allah ya ba Inna lafiya, ya ba ka ikon zuwa Juma'ar nan.