Turancin Da Na Aiko Miki

Zuwa ga Barakatu, sanyin idona, farar audugar da ta buɗe bayan ruwan ƙarshe, inuwar da na samu a makare.

Na duba littafin da nake rubuta abubuwan yau da gobe. Ranar sha huɗu ga Agusta ruwa ya tsare mu a rumfar mai gasa masara a Ƙarfi, muka yi hira har ya ɗauke. Kin yi dariya sau uku, na rubuta. Da Hausa muka yi ta, ba wanda ya nemi kalma ya rasa.

Daga baya na ji cewa Turanci kike koyarwa a Malumfashi. Me mai awon hatsi a kasuwar Funtua zai faɗa wa malama? Na ɗauko ƙamus ɗina na sakandare don in rubuta miki wasiƙa da Turanci. Malaminmu ya koya mana cewa babbar kalma ita ke jawo maki, ni kuma na riƙe wannan shekara ashirin da biyar. Kwana shida ina gyara wasiƙar. Duk inda na ga ƙaramar kalma sai na cire ta, na sa mai tsawo. Gidanku ya koma irin kalmar da ake sawa a takardar kotu. Son da nake miki ya fito kamar takardar neman aiki. Ko sunana sai da na yi masa ado.

Ƙawarki Bushra ta ce kin karanta, kin ninke, kin ce mutumin rumfar masara daban, wannan kuwa so yake a san ya yi boko. Wallahi tsoro ne, Barakatu. Amma ta yaya za ki gane tsoro a cikin babbar riga?

Na ji ranar Asabar magabatan Zainulabidin za su je wurin kawunki nema masa aurenki. Ba na zaton takarda ɗaya za ta juya motarsu, kuma wataƙila shi ya fi dacewa da ke. Wannan ma na sake ta sau huɗu, har yanzu ban yarda da ita ba. Roƙona ɗaya: ki yaga waccan. Idan wata rana kika tuna da ni, kada ki tuna ni da muryar da ba tawa ba.

Ina son ki. Ba zan daina ba, ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Jibril