Kwalin Kossi

Daren Laraba, Zongo

Na ture tuwona gefe. Yau Maigida ya kori abokin aikina Kossi daga gareji, kuma ni na jawo.

Kwana tara muna kan tsohuwar motar Alhajin tashar jirgi. Mun sauya mata kulas, wato kan injin, mun ɗora kwamfaresa mai tura iska da ƙarfi. Kossi yana da al'ada, duk notin da ya kwance sai ya soka shi a kwali bi da bi, don akwai dogo akwai gajere. Shekaranjiya da ya tafi cin abinci na sauya wa biyu wuri. Nufina kawai ya rikice, ya zage ni da yarensu na Mina, in sha dariya. Sai aka kira la'asar, na manta.

Shi kuwa ya yarda da kwalinsa, ya ɗaure.

Yau Maigida ya gwada motar a hanyar Kege. Yana takawa sai farin hayaƙi, ruwa ya haɗu da mai, kulas ya lanƙwashe.

Ya ce, “Shekara shida, Kossi, ba ka san dogo da gajere ba?”

Kossi ya tattara kayansa. Matarsa ma tsohon ciki gare ta.

Da zai fita ya dafa kafaɗata. “Shaƙiyyi, yanzu wa za ka tsokana?”

Wallahi na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Sai Maigida ya miƙo min sifana ya ce, “Daga gobe kai ne a wurinsa.”

Na sa hannu biyu na karɓa.